Canva wajen haɗa albom ɗin awure da suna: ta kyauta ta isa ko sai an biya?

Masu tambayata a kan wace manhaja nake haɗa albom ɗin nan da nake sawa a sitatus sun yi yawa, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Canva ce. Amma fa ba ita kaɗai ba, duk wanda ya ce muku Canva kaɗai ta ishe shi to ko dai bai taɓa kai aikinsa wajen masu firintin a New Town nan Accra ba, ko kuma bai taɓa rubuta sunan Bahaushe mai lanƙwasa a ciki ba.

Albom ɗin da nake nufi ba tara hotuna a folda ba ne. Shafi-shafi ake yi, kowane shafi da hotunansa, da kwanan wata, da sunayen waɗanda ke ciki, wani lokaci har da hoton katin gayyata, da ƙyallen yayi, wato ankon da aka sa ranar, da ɗan rubutu na abin da ya faru. Irin dai abin da iyayenmu suke yi da albom mai leda da suke ɓoyewa a ƙasan akwati, su rubuta shekara a bayan hoto da biro, sai dai wannan a waya ake haɗawa, in an ga dama a buga shi ya zama littafi, in ba a ga dama ba a tura wa dangi haka nan.

Canva ɗin kamfanin Ostireliya ne, a birnin Sidni, sun fito a 2013, wata mata Melanie Perkins ce shugabarsu. Tana aiki a waya tana aiki a kwamfuta, kuma abin da ka fara a waya kana cikin torotoro, motar haya, daga Nima zuwa unguwar Madina za ka tarar da shi a laftof in ka koma gida. Wajen jera hotuna kam gsky ban ga wadda ta kai ta sauƙi ba. Akwai firem-firem da akwatuna da aka riga aka yanka, ka ja hoto ka saka ya zauna daram, in kai ya yanke ka taɓa sau biyu ka matsar da shi, in kana son hotuna su daidaita wasu layuka ne ke fitowa su nuna maka tsakiya da gefe. Ka gama shafi ɗaya ka kwafe shi ka canza hotuna kawai, shi ya sa albom yake fitowa da tsari ɗaya daga farko har ƙarshe. Abu na biyu da nake so shi ne link. Kun san awuren Zango, amarya tana Mamobi, yayarta da ta biya kuɗin albom tana Bronx a Amurka, ƙanwar uwa tana Jamus kuma kowa yana da ta cewa, to maimakon in dinga tura hoto ɗaya-ɗaya sai in ba su link su duba da kansu, a ce min cire wancan hoton Hajiya ta rufe ido, sa wannan. Sai dai dan Allah a kula da wanda ake ba link ɗin, kuma a saita shi kallo kawai ba gyara ba, don hotunan daren lalle akwai matan da ba mayafi a jikinsu kuma ba su yarda duniya ta gan su ba.

Tamfilet ɗinsu kuwa, wato shafukan da aka riga aka tsara, suna da yawa har ka gaji da kallo, amma ba don mu aka yi yawancinsu ba. Fari-fari, ruwan hoda mai haske, ganyaye, ƙanƙara, bishiyar Kirsimeti. In ka nemi na Musulunci sai fitilun azumi da jinjirin wata da ƙubba, iri ɗaya da wanda kowa ke sawa a barka da Sallah. Ka ɗauko hoton mata talatin sun sha yayi ja da ruwan gwal sun kafa ɗauri ka ɗora a kan wannan farin shafi mai furen Turawa, ba ya shiga sam. Abin da nake yi, ina karɓar ragowar ƙyallen yayin wajen tela, in shimfiɗa shi a bakin ƙofa da safe kafin rana ta yi ƙarfi, in goge shi tukuna don kar layin ninki ya fito, in kashe filas in ɗauka daga sama miƙe. Wannan hoton shi nake sawa a gefen shafi ko a baya, in rage masa ƙarfi ya dushe don kar ya danne fuskokin mutane. Kuma Canva tana da wani abu mai kyau a nan, da zarar ka sa hoto sai ta tsamo kalolin da ke cikinsa ta jera maka a wajen zaɓen kala, to rubutun ma sai in ba shi kalar da ke jikin atamfar. Wannan kyauta ne ba sai ka biya ba. Wlh albom ɗin da aka yi haka ko shekara nawa aka yi mace tana buɗewa za ta ce ai wannan yayin awuren wance ne.

Yanzu mu zo kan font, wato salon rubutu, inda nake da doguwar magana.

Salon rubutu a Canva ba ya ƙirguwa, masu kwana-kwana irin na katin aure, masu kauri, masu kama da rubutun hannu, duk akwai. Matsalar ita ce haruffanmu, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka zaɓi wani kyakkyawan rubutu mai jela ka rubuta Ɗanladi ko Bilƙisu ko ranar ɗaurin aure, sai ka ga duk haruffan sun tafi tare amma mai lanƙwasar ya fito da wani salo daban, a tsaye ƙiƙam, kamar wadda ta zo awure ba ta sa yayi ba. A wasu manhajojin ma ɗan akwati ne zai fito a wurin ko alamar tambaya. Dalilin ba wani abu ba ne, shi font zane ne, wanda ya yi shi sai ya zauna ya zana kowane harafi da hannunsa, to da yawansu suna gama na Turanci da na Faransanci da ire-irensu sai su tsaya. In manhaja ta nemi ƙ ba ta samu ba sai ta aro daga wani font ta cike gurbin. Kuma ba mu kaɗai ba ne, maƙwabtanmu masu Twi da Ga da Ewe da Dagbani haka suke fama da ɛ da ɔ da ŋ, shi ya sa za ka ga fosta a titi an sa lamba 3 a madadin ɛ.

Na san wani zai ce mu nan Zango wa ya damu da lanƙwasa, ai ko a baki ba kowa ke furta su ba balle a rubutu. Gaskiya ne, a sitatus ni ma ba kullum nake sawa ba. Amma albom abu ne da za a ajiye, a kai wa dangin miji a Kano ko Sakkwato ko Yamai, jikoki su karanta, to ni a ganina sunan mutum ya kamata a rubuta shi daidai. Kibod ɗin Gboard yana da Hausa, ka ƙara ta a saitin, haruffan suna nan.

Dabarata kafin in fara son kowane font, sai in rubuta ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ a jere in gani, manya da ƙanana, don akwai wanda yake da ƙananan ba shi da manyan. In ya faɗi jarrabawa in wuce ko ya kai me kyau. Wanda ba ya ba ni kunya shi ne Noto, na Google, Noto Sans da Noto Serif, dama an yi su ne don kar a bar kowane harshe a baya, kuma suna cikin Canva. Ba su da kwalliya, amma wajen ƙaramin rubutun ƙasan hoto sun wadatar. Sai na ƙungiyar SIL, masu aikin harsuna, irin su Andika da Charis da Gentium, dukansu suna ɗauke da haruffanmu kuma kyauta ne a Google Fonts. Andika don masu koyon karatu aka yi shi, yana da kyau a albom ɗin suna da na walimar yara, Gentium kuma yana da wani kwarjini da ke dacewa da hotunan dattawa. A 2024 ma an sa wasu da 'yan Najeriya suka zana, akwai Ojuju akwai Danfo, na manyan kanun rubutu ne, Danfo ɗin daga rubutun jikin motocin haya na Legas aka samo shi. Ba kowane shafi suke shiga ba amma na ji daɗin ganin namu sun fara zana nasu.

To ga inda Canva take kama mutum: ɗora font naka daga waje sai mai Pro, wato Canva ta kuɗi. In kana ta kyauta, wanda suka ba ka shi ke nan. Hanyar da muke bi mu kauce ita ce PixelLab, wannan manhajar Android da yaran Zango ke yin fosta da ita. Tana karɓar font daga waje ba ko pesuwa, kuma ba ta buƙatar data. Ka sauke font ɗin a waya, ka shigar da shi PixelLab, ka cire bayan ya zama babu komai, ka rubuta sunan amarya da ango, ka fitar da shi a PNG da girma sosai, sai ka ɗora shi a Canva kamar hoto. Aibinsa ɗaya, in aka ce a gyara harafi ɗaya sai ka koma can ka sake, don haka ka tabbatar da sunayen tukuna. Ka tambaya Aisha ce ko Ayishetu, Muhammad ne ko Mohammed, Abubakar ko Bukari, yadda yake a katin Ghana ko yadda ake kira a gida, don mutanenmu a kan wannan za a iya mayar maka da aiki gaba ɗaya.

Larabci da ajami ma suna da nasu. Amiri yana da kyau wajen addu'a da bisimilla, rubutu ne irin na littattafan da ake bugawa a Misira. Amma wanda ya burge ni shi ne Alkalami, shi ma na SIL, an zana shi ne a kan salon rubutun hannu na Kano, mai kauri ɗin nan irin na littattafan da ake sayarwa a bakin masallaci. Akwai kuma Harmattan da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma. Na yi wa wata makarantar allo shafin walimar sauka da Alkalami, Malam ya riƙe wayar ya matso da ita kusa da ido ya ce, "'Yata, wa ya rubuta miki wannan?" Na ce Malam ai waya ce. Ya ce to wayar nan ta yi makarantar allo. Abin lura dai, kar a taɓa wajen buɗa tazarar haruffa in Larabci ne, yana raba su su daina haɗuwa, kuma wasu manhajojin suna juya rubutun ya koma daga hagu. Sannan sitikar Larabci da ake samu a shirye, masu zane mai kyau ɗin nan, in ba ka iya karantawa ba ka nuna wa wanda ya iya. Na taɓa ganin katin awure da aka ƙawata samansa da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, mai disain ɗin ya ga zanen ya yi masa kyau ne kawai. Ayar Alƙur'ani kuwa ni ba na sawa a abin da na san zai ƙare a ƙasan kujera bayan an watse.

Wani abu da ba a faɗa wa masu farawa, font ɗin da ake saukewa a shafuka irin su DaFont da yawansu an rubuta don amfanin kai ne kawai, in kana karɓar kuɗi a kan aikin to lasisin bai ba ka dama ba. Na Google Fonts ba su da wannan matsalar.

Gyaran hoto kansa ba a Canva nake yi ba. Tana da wajen ƙara haske da kala da filta-filta, ba laifi, amma duk hoton da ya fito daga ƙarƙashin kanofi sai ya bi ta manhajar Snapseed tukuna. Kun san kanofin awure, in ja ne kowa ya koma ja, in shuɗi ne fuskoki su yi toka-toka, ga rana ta buga ta gefe ɗaya ga inuwa ta ɗaya gefen. Snapseed wani kamfani Nik Software ne ya yi ta a 2011, Google suka saye a 2012, kyauta ce, ba talla, ba ta neman data. Akwai White Balance, ka ɗora shi a kan wani abu da ka san fari ne, farar hular liman ko farin mayafi, sai kalar hoton duka ta dawo daidai. Akwai Selective, ka taɓa fuskar mutum ɗaya ka ƙara mata haske ba tare da farar shaddar na kusa da shi ta ƙone ba, wannan shi ne babban abin a wajenmu, don baƙar fata kusa da fararen kaya waya ba ta iya auna su tare, ko dai kayan su fito fuskar ta ɓace ko fuskar ta fito kayan su zama fitila. Sai Healing na goge tabo da ledar ruwa da wani ya yar a ƙasa.

Filta kam ina da ra'ayi a kai kuma na san ba kowa zai so ba. Yawancinsu ɗaga haske suke yi su rage ja, a jikin Bature yana yin kyau, a jikinmu sai mutum ya koma kamar ya yi bilicin. Amare da yawa su suke nema, "Anti ki ɗan ƙara min haske", ina ƙarawa iya inda hasken wurin ya rage mata, amma in mayar da ita wata daban har uwar miji ta kasa gane ta, a'a. Mai kwalliya ta riga ta yi nata, ba sai na ƙara ba.

Tsofaffin hotuna su ne suka fi cin lokaci kuma su na fi so. Baƙi da fari ɗin nan na situdiyo, Alhaji zaune da babbar riga, hannu a gwiwa, agogo a waje don a gani, bayansa labule mai zane. Accra tana da tarihin wannan sosai, Deo Gratias a Jamestown tun 1922 suke, James Barnor ma a can ya buɗe Ever Young a 1953, ban da ƙananan situdiyo da ke unguwanni. Shi ya sa in an kawo min tsohon hoto nake ɗaukar bayansa ma, sau da yawa akwai hatimin situdiyo ko rubutun ajami na mai shi, sai in sa shi ƙarami a gefen shafin. Wajen ɗauka kar a sa filas, PhotoScan ta Google tana sa ka ɗauka ta kusurwa huɗu ta haɗe su ta cire ƙyallin, in ba ka da ita ka fita inuwa da rana. Kuma in hoton ya manne da ledar albom kar a ɓanɓare shi da ƙarfi, a ɗauka a haka.

Sai manhajojin nan masu AI da ke cewa za su mayar da tsohon hoto sabo. Ku yi hankali da su. Ba gyara suke yi ba, ƙirƙira suke yi, inda hoton ya dushe sai su zana abin da suke zaton ya kamata ya kasance a wurin. Wani yaro ya kawo min hoton kakansa da ya riga ya wuce da shi ta irin wannan, fes, har ƙwayar ido tana ƙyalli, ya ce a sa a shafin farko na albom ɗin addu'ar arba'in. Muka kai wa kakarsa ta gani, tana zaune a tabarma da carbi, ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan wane ne?" Ya ce, "Kaka, Alhaji ne mana." Ta ce, "Ina billensa?" Ashe manhajar ta ɗauki tsagar fuskarsa a matsayin tabon takarda ta share ta tas, ta kuma rage masa faɗin hanci. Ta miƙo wayar ta ce a sa na asalin ko da bai fito ba. Shi muka sa, na goge karcewar da ke jikin rigar kawai na bar fuskar yadda take. In mutum yana da zane, ko wushirya, ko tabon sallah a goshi, a duba da kyau bayan kowane gyara a ga suna nan.

Sauran kwalliyar shafi, inuwa a bayan hoto, sitikar salatif kamar an manna, gefen takarda kamar an yaga, farin firem irin na hoton nan-take, duk Canva tana da su kuma suna sa shafi ya yi kamar da hannu aka haɗa. Inuwar ita na fi amfani da ita, 'yar kaɗan, sai hoton ya ɗan taso. Amma sabon shiga yakan zuba duka a shafi ɗaya, ga fure ga tauraro ga zuciya ga rubutu mai walƙiya kala biyar, har ka rasa ina amaryar take. Ni font biyu nake tsayawa a kai a albom guda, ɗaya na kanu ɗaya na bayani.

Maganar data, Canva da intanet take aiki, kuma ɗora hotuna masu nauyi yana shan bandul ba kaɗan ba, don haka ka zaɓe hotunan tun a waya, kar ka kwashe duk abin da mai hoto ya turo ka zuba. Ni da dare nake ɗorawa. Abin da ya yi kyau shi ne tana ajiye aiki da kanta, ko an ɗauke wuta waya ta mutu za ka tarar da shi inda ka tsaya. In wayarka ba mai ƙarfi ba ce kuma shafuka sun yi yawa za ta fara nauyi, sai ka raba albom ɗin gida-gida, lalle daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban.

Wajen bugawa nan ne ake gane wanda ya iya. Tun kafin ka sa hoto ko ɗaya ka saita girman shafin. Masu firintin suna son 300 dpi, ma'ana A4 ya zama fiksel 2480 da 3508, in kuma murabba'i ne irin na Turawa mai inci 12 da 12 to 3600 da 3600. In ka yi aikinka a girman sitatus, 1080 da 1920, a waya zai yi kyau, a takarda sai ya farfashe. Babban mai ɓata aiki kuma shi ne hoton da ya yi yawo a WhatsApp, don matse shi ake yi duk lokacin da aka tura a matsayin hoto, wanda ya bi ta gurup uku kafin ya iso gare ka ba abin da ya rage a jikinsa. Ka ce a turo maka a dokumen, ko ka je da kanka wajen mai hoton da filas dirayib. In ka gama ka sauke a PDF na bugawa, ka kunna alamar yanka da ɗan rarar gefe, milimita 3 ake bari, kuma kar ka kai rubutu ko fuskar mutum bakin takarda ko tsakiyar da za a ɗinke.

Kala ma tana canzawa. Sikirin da haske yake aiki, firinta da tawada, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore mai ƙyalli suke mutuwa a takarda, hoto kuma yakan fito da duhu fiye da yadda ka gani a waya. Wani yaron Nima da ke aiki a inda nake bugawa kullum maganarsa ɗaya ce, "Anti, a buga ɗaya mu gani tukuna." Ya fi ni gaskiya. Ka zaɓi shafin da ya fi yawan fuskoki a buga shi kaɗai, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, in ya yi duhu ka koma ka ɗaga hasken kaɗan kafin a buga sauran. Takarda mara ƙyalli ta fi min, mai ƙyallin tana kama shatin yatsa, albom kuwa hannu da yawa yake bi.

To Pro fa, a biya ko kar a biya? Abin da ke ciki shi ne duk kayan da ke da alamar kambi, da cire bayan hoto da taɓawa ɗaya, da ɗora font naka, da canza girman disain ba sai ka sake daga farko ba, da fitar da PNG mara baya, da PDF mai kalar firinta wato CMYK. Mai cire bayan hoton yana aiki sosai, sai dai bakin mayafi mai raga da leshi yakan ci su, sai ka bi da hannu ka dawo da su. In albom ɗin gidanku kawai za ka yi, na sunan ɗanka ko hotunan Hajjin Inna, wlh ta kyauta ta ishe ka, ka haɗa da Snapseed da PixelLab ka guji masu kambi shi ke nan. In kana da kwamfuta ma akwai Photopea, a burauza take aiki, wani Ivan Kutskir ne ya yi ta a Prague, kamanninta ɗaya da Photoshop har fayil ɗinsa tana buɗewa, kuma tana karɓar font daga waje kyauta, talla ce kawai a gefe. Affinity ma da Canva suka saya a 2024 sun mayar da ita kyauta a ƙarshen 2025, amma wannan ta masu laftof mai ƙarfi ce da haƙurin koyo.

Masu tallan Pro da araha a gurup kuma, a tura kuɗi kaɗan ta MoMo a waya a ce har abada, ku san abin da kuke saya. Saka ka suke yi a cikin tim ɗin wani da ba ka sani ba, ranar da aka rufe tim ɗin ko aka cire ka, aikin da ka yi a ciki zai iya tafiya da shi, ga hotunan matan mutane ka zuba a wurin da ba kai ke da iko da shi ba. Ni ban ga ribar ba.

In sana'a kake yi da ita to ka biya, amma ba dole sai na shekara ba. Aikinmu na lokaci ne, kafin azumi awure yake yawa, bayan Babbar Sallah ga awure ga alhazai sun dawo kowa yana son albom, sai ka biya na wata a lokacin, in kasuwa ta lafa ka tsayar. Gwajin kyauta da suke bayarwa ma yana neman kati, kuma in ranar ta cika ba ka soke ba zai cire kuɗi da kansa, don haka ka sa alam. Sannan kafin watan ya ƙare ka sauke duk ayyukan da ka gama ka ajiye a waya ko dirayib, don duk shafin da ka sa kayan kambi a ciki, Pro na ƙarewa tambarinsu zai dawo ya hau kai, kwastoma kuma sai bayan wata biyu za ta kira ta ce a ƙara buga mata kwafi ɗaya na uwar miji.